Jirgin Mutumin da Ruwa Ya Ci

Duk wanda ya saba tsallaka kogi da damina zuwa kasuwar Haɗeja ya san jirgin Safiyanu, ko da bai san Safiyanun ba. Jiragen fito biyu ne a wannan gaɓar, nasa da na kawunsa Tukur, ƙanen mahaifiyarsa. Na Kawu Tukur baƙi ne wuluk kamar yadda Allah ya yi jirgi. Na Safiyanu kuwa an zana masa mutum a gefe, wani ƙato mai idanu kamar faranti, gashi tsaye cirko-cirko kamar ciyawar kacalla, ya ɗaga hannuwa sama, walƙiya na fita daga yatsunsa.

Wannan mutumi ba ɗan garin ba ne, ba ma ɗan Adam ba ne. Jarumi ne a cikin wasan zanen nan na mutanen Japan da yara ke ce wa anime. Sunansa na asali sai ka karya harshe kafin ka faɗa, don haka kowa ke ce masa Mai Tsawa. Safiyanu ba yaro ba ne, magidanci ne da mata da 'ya'ya, amma shekara da shekaru duk ranar kasuwa sai ya biya shagon masu tura fim a waya an zuba masa sabon kashi. Dattawa sun yi masa faɗa a kan zanen har sun gaji. Sabo turken wawa. Ya ce shi dai mutumin nan ya koya masa jarumta, kuma tun da aka zana shi ko tukunya ba ta taɓa faɗawa ruwa daga jirginsa ba. Mata masu kai bandar kifi kasuwa suka saba da shi, har sukan shafa kan Mai Tsawa in za su shiga, suna tambayarsa ya kwanan gida.

Ana nan sai aka kawo kashin ƙarshe.

Safiyanu ya kalle shi ne da hantsi a gindin giginya, yana jiran jirgi ya cika. Waɗanda ke kusa sun ce da fari yana ta buga cinya yana kirari. Can sai ya mayar da abin baya, ya sake kallo. Ya sake mayarwa, kamar in ya matsa wa wayar za ta sauya magana. Ba ta sauya ba. Ya tura ta aljihu, ya ɗauki gorar tuƙi, ya shiga jirgi ko gaisuwa babu.

A tsakiyar kogi wata mata ta ga hawaye na bin gemunsa, ta yi salati, ta tambaya ko rasuwa aka yi. Da ya ja bakinsa ya yi shiru, da magana ta mutu a nan. Amma baki shi ke yanka wuya. Ya saki gora ya shiga zazzaga musu: wai Mai Tsawa, mutumin da dutse ya faɗo wa bai mutu ba, aka ɗauko rana sukutum aka harbe shi da ita bai mutu ba, shi ne yau masu zanen nan marasa imani suka tashi suka kashe shi. Kuma ba a fagen fama da takobi a hannu ba. Ruwa ne ya ci shi. Ya nutse a teku, ko gawarsa ba a gani ba. Matsoracin abokinsa da bai taɓa tsinana komai ba, shi aka bari da rai, har ya auri yarinyar fim ɗin.

Matar da ta yi tambayar ta leƙa gefe, ta dubi zanen, ta dubi ruwan da ke lasar ƙafar Mai Tsawa, sannan ta janye hannunta daga bakin jirgin ta ɗora a cinya.

Kafin la'asar labari ya kai kunnen Kawu Tukur. Mutuwar wani tashin wani. Shi Kawu bai yi wa ɗan 'yar'uwarsa ƙarya ko ɗaya ba, wannan a shaide shi. Abin da yake yi kawai, in ya ga mutum ya nufi jirgin Safiyanu, sai ya gaishe shi da kyau, ya tambayi iyali, sannan ya ce cikin tausayi, “Wannan bawan Allah da ke jikin jirgin can, ka tambayi yaron nan yadda ya ƙare. Ni ba ni da bakin faɗa.”

Mutanen tsallake ba sa camfi. Kowa ka tambaya zai gaya maka haka, har ya jawo maka abin da liman ya faɗa ranar Juma'a. Sai dai wannan ya tuna yana da magana da Kawu Tukur, wancan ya ce ƙafarsa ce ba ta son tsayin jirgin Safiyanu, wata ta ce ai ta riga ta aza kwandonta a na Kawu, saukewa wahala. Jirgin Kawu ya riƙa tashi a danƙare, ruwa na taɓa leɓensa. Safiyanu na zaune a gindin giginya shi da Mai Tsawa, sai kwaɗi ke taya su hira. Ga shi kuwa damina ita ce kakar mai fito. In ruwa ya janye, kowa da ƙafarsa zai taka ya wuce, ba mai neman jirgi sai baɗi.

Matarsa Bushira ba ta tsaya kwana-kwana ba. Ta ce masa mutumin nan dai ya mutu, Allah ya ba masu shi haƙuri, amma yaran gidan nan da ransu, kuma ba walƙiya suke ci ba. Ya je ya shafe zanen. Safiyanu ya ce ai wannan cin amana ne, masu zane sun kashe shi sau ɗaya, shi kuma ya zo ya ƙara? Ta ce to ya zaɓi wanda zai ci amanarsa, na jikin katako ko na cikin gida.

Jajibirin kasuwa ya shiga Haɗeja ya dawo da gwangwanin fenti shuɗi, don shi kaɗai ya samu. Ya jawo jirgin kan gaɓa da rana tsaka, ya durƙusa. Ya kai burushi wajen fuskar, idanun nan suka zuba masa, ya kasa. Sai ya fara daga ƙafa. Ya shafe takalman, ya shafe gwiwa, yana yi yana jan hanci, har ya kai ƙugu.

A nan Iya Zainaba ta same shi. Tsohuwa ce mai bandar tarwaɗa, ƙawar kakarsa marigayiya, don haka tun yana cikin zanen goyo take ce masa angonta. Yanzu ta sauko daga jirgin Kawu, zanenta sharkaf har cinya saboda lodi, ranta a ɓace.

“Angona, me kake yi wa kishiyata?” in ji ta. “Ai na ce tun da ka samu wannan mai gashin kacalla ka daina kallona.”

Ya ce, “Iya, bar ni da abin da ke damuna. Ke ma ai kin gudu.”

Ta ce ba gudu ta yi ba, tsufa ta yi, kuma ba ta kai wannan shekarun da shiga jirgin wanda ruwa ya ci ba. Amma ta ji labarin a bakin mutum goma, kowa da irin nasa, har akwai mai cewa kada ne ya ja shi. Gani ya kori ji. Ta sauke kwandonta, ta zauna a kan jirgin, ta ce ya nuna mata.

Ya kare wayar da hularsa saboda rana, ya kunna. Iya ba ta bar shi ya kalla cikin natsuwa ba. Ta tambayi dalilin da ya sa kowa a garin cikin fim ɗin ke magana da ihu, ko duk kurame ne. Ta ce yarinyar ba ta da ƙugun ɗaukar tulu. Da aka nuno matsoracin abokin, ta ce wannan ko ba a faɗa ba shi zai yi tsawon rai, irinsu ba sa mutuwa. Safiyanu na fassara mata yana haɗiyar zuciya: ga garin ruwa ya cinye shi, ga mutanen gari duk sun dunguma cikin wani ƙaton jirgi, ga jirgin ya tsage zai nutse. Sai ga Mai Tsawa, jina-jina, ƙarfinsa ya kusa ƙarewa, ya shiga ƙarƙashin jirgin ya ɗauke shi a kan hannuwansa. Ya yi ta tafiya da shi, ruwa na kai masa ƙirji, na kai masa wuya, har ya dire shi a kan tudu. Sannan hannuwan suka sake, ruwa ya rufe.

Safiyanu ya kashe wayar, ya ce to ta gani. Me zai rage masu zanen da shi in sun bar shi ya kama gaɓa? Taku ɗaya ya rage masa. Taku ɗaya.

Iya ba ta kula wannan ba. Ta ce ya mayar baya, wajen da mutane ke sauka. Ya mayar. Ta sa yatsa a kan gilashin.

“Waccan tsohuwar mai ƙunshi a ka. Ta jiƙe?”

Ya duba. Shi duk kallon da ya yi bai taɓa lura da wata tsohuwa ba. Ya ce a'a, ga ta nan a bushe.

“Ƙunshin fa?”

Ya ce shi ma.

Ta tambaya ko an rasa wani a cikin jirgin, ko yaro, ko akuya. Ya ce ko ɗaya, ai shi ya sa ake ta kuka a tudu. Iya ta dubi zanenta da ke ɗiga, ta dubi jirgin Kawu can tsakiyar kogi yana rangaji. Sannan ta ja da baya ta ƙare wa aikin fentin kallo. Shuɗin nan ya kai wa Mai Tsawa ƙugu, hannuwansa a sama sun tokare leɓen jirgin. Wanda bai sani ba sai ya rantse da gangan aka zana shi tsaye cikin ruwa yana ɗauke da jirgin.

Ta ce ya rufe gwangwaninsa, kada ya ƙara ko ɗigo.

Washegari gaɓa ta cika da masu kwanduna da buhunan barkono, kowa na turereniyar shiga jirgin Kawu. Iya Zainaba ta ratsa su, ta shafa kan Mai Tsawa, ta hau jirgin Safiyanu ta miƙe ƙafa. Mata suka shiga kiranta, wai ta manta ne? Ta ce ba ta manta ba, ita da idonta ta gani, ba a bakin wani ta ji ba. Ta ba su labarin tun daga tsagewar jirgi har tsohuwa mai ƙunshi, ta ƙara gishiri inda ya kamata. Sannan ta juya.

“Tukur, tsakaninka da Allah. In jirginka ya tsage a tsakiyar kogin nan, za ka shiga ƙarƙashi ka ɗauke mu?”

Kawu Tukur, an riga an faɗa, ba ya ƙarya. Ya sosa ƙeya, ya dubi ruwan, ya ce, “Iya, ai ni ma rai gare ni.”

“To kun ji,” in ji ta. “Ni mai fiton da zai nutse ya bar ni a tudu da kifina a bushe, shi nake nema.”

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Matar nan da ta fara janye hannunta ita ta fara sauke kwandonta daga jirgin Kawu, ta ce dama lodin ya yi yawa. Wanda ƙafarsa ba ta son tsayin jirgi ya ji ta warke. Kafin a jima jiragen biyu suka yi daidai wa daida, Kawu na ƙunƙuni yana cewa ɗan yau ba ya jin kunyar kawunsa, amma shi ma a ransa ya ji daɗin ganin leɓen jirginsa ya rabu da ruwa.

Sai dai kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Duk matar da za ta shiga sai ta tsaya ta tambayi Safiyanu ko da gaske ne in ta ɓaci zai yi yadda mutuminsa ya yi. Idon jama'a a kansa, ga Bushira da tukunya na jira a gida. Ya riƙa cewa in sha Allahu.

Da suka kai tsakiya, inda ruwan ya yi baƙi yana juyi, gora ta daina taɓa ƙasa. Safiyanu ya leƙa. Bai taɓa ganin kogin nan da zurfi haka ba. Iya na lura da shi, ta gyara zaman kwandonta.

“Angona, in ta kama, ka dai san aikinka. Ni za ka fara direwa.”

Ya rage murya don kada na baya su ji. “Haba Iya. Shi fa zane ne.”

“Da kake masa kuka har gemu ba ka ce zane ba ne,” in ji ta. “Tuƙa mu, rana na yi.”