Ƙwan Kyauta na Ƙarshe

Duk unguwar Ketaren Gwari da ke Minna babu wanda bai san Munzali mai kiwon tsaka ba, kuma ba don yabo aka san shi ba. Ni ne. Yadi nake sayarwa a Kasuwar Kure, da hankalina, ba na bin kowa da faɗa, amma tun da aka ji na ajiye tsaka biyu a akwatin gilashi ina ba su abinci, masu keke na bakin layinmu suka samu abin yi. In na fito sai su tambaye ni ko iyali sun tashi lafiya, su kwashe da dariya.

Na gaji da bayanin cewa ba irin tsakar bango ba ce. Wannan rawaya ce mai ɗigo-ɗigon baƙi kamar damisa, jelarta kauri gare ta, ba ta hawa bango, har lumshe ido take yi in ta ƙoshi. Ebenezer, abokina tun firamare, shi ya taho da su daga Legas da ya bar aiki a wani shagon dabbobi. Matarsa ta ce ba za ta kwana gida ɗaya da su ba, sai ya sauke mini. Macen na sa mata Kyauta. Namijin kuwa Ciyaman, don ba ya komai sai ci da barci. Burina bai da yawa: in ga na ƙyanƙyashe ko da guda ɗaya da hannuna, in nuna wa masu dariya.

Babbar matsalata a cikin gida take. Baba tsohon ma'aikacin reluwe ne, tun da ya yi ritaya ya koma kiwon kaji da zabi. Yana da wani akwatin katako da ya ƙera da kansa, da fitilar kananzir a ƙasa, a ciki yake ƙyanƙyasar ƙwai. Har daga Barkin Sale mata ke kawo masa ƙwan zabi ya ƙyanƙyashe musu. Mutumin da ya san ƙwai haka, na ɗauka zai fahimce ni. Ranar da ya leƙa akwatina sai ya ja da baya yana a'uziyya.

"Munzali, duk dabbobin da Allah Ya halitta ka rasa abin kiwo sai tsaka?"

"Baba, wannan ba ta da dafi. Ba ta kuturta kowa."

"Tsaka tsaka ce. In ta faɗa mana a miya, kai za ka sha."

Farkon bazara na haɗa Ciyaman da Kyauta, aka yi abin da ake so. Bayan 'yan kwanaki na fita kasuwa ina sauri, ban danne murfin da kyau ba. Ciyaman, wanda bai taɓa yin tafiyar kirki ba a rayuwarsa, ranar ya ga damar yawo. Ya fito har wurin da Baba ke alwala. Da na dawo na tarar da shi a cikin abin kwashe shara, kansa a fashe, sawun silifa a bayansa.

Baba bai ɓoye ba. Ya ce, "Na ga tsaka na kashe. Abin da aka koya mana ke nan, har lada ake samu."

Na ɗauki gawar na fita, don in na buɗe baki abin da zai fito ba na ɗa da uba ba ne. Daga ranar tsakanina da shi sai gaisuwa. Ina kwana, lafiya lau, kowa ya kama gabansa. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na bar shi a ɓace da gangan.

Ebenezer ne ya ɗan kwantar mini da hankali a waya, da Hausarsa da ba ta bambanta mace da namiji.

"Oga Munzali, kar ka damu. Macen yana ajiye irin namiji a ciki. Zai yi ta kwai biyu-biyu har damina, kuma duk 'ya'yan Ciyaman ne. Amma daga wannan shekara shi ke nan, sai ka samo wani namiji."

Wani namiji a ina? Duk Minna babu, Ebenezer kuma ya bar Legas. Abin da ke cikin Kyauta shi ne duk abin da ya rage mini.

Haka ta fara zubawa. Ƙwan kamar ɗan dabino, fari, ɓawonsa laushi kamar fata. Na farko a cikin kwanon ruwanta ta saka su, kamar wadda aka aiko ta ɓata mini rai, kafin in gani sun jiƙe sun lalace. Na biyu na lallaɓa na sa a roba da yashi mai danshi, na ajiye a ɗakina. Ɗakina kwano ne ba silin. Mutanen da nake kallo a waya duk kukansu yadda za su ɗumama ƙwai ne, ni kuwa a Minna cikin watan Maris neman yadda zan hana nawa dahuwa nake. Fanka ba wuta. Jihar da ke ba ƙasa lantarki, amma ni ina fifita wa ƙwan tsaka da murfin kwali. Suka motse kamar busasshen tumatir.

Da na ƙara ruwa a yashin, na gaba suka yi fumfuna. Waɗanda suka biyo baya ba na ma son tunawa, tururuwa ce ta gano su. Na tsaya a kan robar ina zagin tururuwa da babbar murya, maƙwabciyarmu tana jina ta katanga.

Duk wannan Kyauta tana ramewa. Jelar nan mai kauri ta koma kamar tsinke. Ina bin bayan shaguna ina kama mata gyare, ina barbaɗa musu garin ɓawon ƙwai, tana ci da ƙyar. Da ruwan farko ya sauka ta saka wasu biyu, na duba cikinta a hasken tocila, babu saura. Waɗannan su ne na ƙarshe.

Ebenezer ya zo da kansa. Ya haska su da tocilar waya, muka ga wani ɗan zobe ja a saman kowanne, da jijiyoyi sirara.

"Suna da rai," in ji shi. "Yanzu ji da kyau. Yadda uwar ya ajiye shi, haka zai zauna. Dan yana manne a sama. In ka juya, ruwan ciki zai danne shi, ya mutu. Sa alama a sama, abeg, kar ka manta."

Na ɗauko alƙalami mai tawada na yi wa kowanne ɗan ɗigo a sama. Sai maganar inda za a ajiye. Wuri mai sanyi ɗaya ne a gidanmu, tsohon ɗakin ƙasa na baya, inda akwatin ƙyanƙyasar Baba yake. Akwai wata randa a kusurwa da aka daina zuba mata ruwa. Dole ta sa na je na durƙusa gabansa.

"Baba, ina so in ajiye wani abu a randar ɗakin baya."

Ya dube ni, ya dubi robar da ke hannuna. Ya san ko mene ne.

"Ka sa," kawai ya ce.

Na zuba jiƙaƙƙen yashi a gindin randar, na ɗora robar, na zagaye ƙasan da toka saboda tururuwa. Ban yi masa wani bayani ba. Ba ma magana, kuma ko a mafarki ban taɓa zaton mutumin da ke a'uziyya in ya ga tsaka zai kai hannu kusa da ƙwanta ba.

Kullum in na dawo kasuwa wajen magariba sai in wuce ɗakin baya. Ɗigo na sama, yashi da danshi, randa da sanyi. Makon farko jijiyoyin suka ƙaru, har na fara tunanin sunaye. Daga nan abu ya tsaya. Jan ya fara dusashewa, farin ya soma komawa rawaya. Na rasa inda laifin yake. Na rage ruwa, na ƙara ruwa, na sauya yashi. Na kira Ebenezer na ce ko dai shi ma bai san abin da yake faɗa ba, muka yi cacar baki, ya kashe waya. A shago mai saye ya tambayi shadda in miƙa masa atamfa. Wannan karon na yi komai daidai, kuma ga shi suna mutuwa a kan idona.

Wata Laraba aka yi rasuwa a layinmu na kasuwa, muka rufe shaguna da wuri. Daga maƙabarta na wuce gida, ana gab da la'asar. Na buɗe randar, na ɗaga murfin robar. Babu ɗigo. Ƙwai biyu fes, ba alama a kan ko ɗaya.

Ina tsugune ina ƙoƙarin gane abin da nake gani sai ga Baba ya shigo yana goge hannu da gefen riga. Da ya gan ni ya ɗan tsaya, kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Sai ya matso, ya durƙusa da ƙyar saboda gwiwarsa, ya sa yatsu biyu a hankali ya mirgina na farko. Ɗigon ya dawo sama. Ya mirgina na biyu.

"Na ga ka yi musu alama amma ba ka juyawa," in ji shi, bai dube ni ba. "Kana kasuwa, ina za ka samu lokaci. Ƙwan da ba a juyawa, ɗan manne wa ɓawo yake yi. Da safe in ka fita nakan kifa alamar, da la'asar in mayar da ita sama."

Na dubi akwatinsa. Kowane ƙwan zabi a ciki da ɗan zanen gawayi a gefe ɗaya. Tun ina yaro nake ganin zanen nan, shi ke nuna masa wanda ya juya da wanda bai juya ba. Ya ga ɗigona ya karanta shi yadda ya saba karanta nasa.

"Tun yaushe, Baba?"

"An kwana biyu. Da farko na kasa taɓawa." Ya ɗan yi murmushi. "Ina wanke hannu kafin, ina wankewa bayan."

Ina so in yi ihu, in ɗaga randar in rotsa ta da bango. Watanni ina kama gyare kamar mahaukaci, ina shan dariyar masu keke, ga inda aka ƙare. Amma ga tsoho a durƙushe, da yatsun da ya yi alwala da su, yana shafa ƙwan abin da ya fi ƙyama a duniya. Bai iya cewa yi haƙuri ba, bai taɓa iyawa ba. Wannan ne haƙurin da yake ba ni, safe da yamma.

"Baba, ka bar shi haka. Zan riƙa yi da kaina."

Na fita na zauna a bakin kwata har aka kira salla. Na kira Ebenezer na faɗa masa. Ya ce in bar su dai, wani lokaci Allah Yana ikonSa, amma kada in sa rai.

Ba su yi ba. Suka lotsa, suka yi wari. Ranar da na fito da robar zan zubar, Baba yana zaune a tabarma yana tsince dawa. Ya miƙo hannu na ba shi, ya daɗe yana kallo.

"Laifina ne," ya ce. "Na kaza sau uku nake juyawa. Waɗannan na yi musu sau biyu don gudun kada ka gani. Bai ishe su ba."

Na so in bar shi a haka. Amma in na bar shi, gobe ma haka zai ɗauka, kuma na gaji da shirun da muke yi wa juna. Na zauna a gefen tabarmar.

"Baba, ba a juya irin wannan. Ko sau ɗaya. Alamar don kada a juya ce."

Hannunsa ya tsaya a cikin dawar. Na yi masa bayanin yadda ɗan ke manne a sama, kamar yadda Ebenezer ya yi mini. Ya saurara har ƙarshe, bai katse ni ba, abin da ban taɓa gani ba.

"Ke nan ni na kashe uban, ni na kashe 'ya'yan."

Ban ce a'a ba, don ba ƙarya ya yi ba. Ban ce e ba. Kaji suna ta zagaye tabarmar suna satar dawa, bai kore su ba.

Can ya ajiye robar a gefe. "Ita uwar tana nan?"

"Tana nan. Ta rame."

"Ɗauko ta in gani. Ka faɗa mini abin da take ci, da abin da ba a yi mata. Tun daga farko za ka faɗa, kada ka tsallake komai."

Har lokacin raina a ɓace yake, kuma har yau babu namiji ko ɗaya a Minna. Na tashi na shiga ɗaki na ɗauko akwatin.