Hannun Malam Salihu

Abin ya fara ne a hutun zango na biyu, a shekarar da Humaira ta shiga aji shida na firamare, lokacin da mahaifinta Bakari ya kai ta lesin wurin Malam Salihu a unguwar Yelwa. Jarrabawar shiga makarantun kwana na gwamnatin tarayya ta ƙarato, kuma duk unguwarsu ta Gwallameji ba a zancen wani mai shirya yara sai shi. An ce yaransa ba sa faɗuwa. Bakari ya riga ya ɗanɗana ɗacin faɗuwa a kan ɗansu na fari, wanda ya rasa gurbi da ɗan maki kaɗan, ya ƙare a makarantar jeka-ka-dawo inda ɗalibai suka fi kujeru yawa. Ya ce ba zai sake ganin irin wannan a gidansa ba.

Zubaida, mahaifiyar yarinyar, ba ta ƙi ba. Ma'aikaciya ce a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, mace mai son a yi komai bisa ƙa'ida, kuma ta san 'yarta tana da kai. Duk da lesin, ta riƙe al'adarta ta zama da Humaira kowace Asabar bayan karin kumallo. Sukan shimfiɗa tabarma a baranda, su buɗe littafin tambayoyin shekarun baya, yarinyar tana zaɓar amsa ɗaya daga cikin huɗu tana cike gurbinta da fensir.

A irin wannan zama ne wata Asabar suka zo kan tambayar da ke neman kashi uku cikin huɗu na sittin. Humaira ta yi lissafinta a gefen takarda, ta samu arba'in da biyar, kuma amsar tana nan a gabanta, ita ce C. Maimakon ta cike, sai ta ɗora bakin fensir a kan lambar tambayar, ta ɗago kai ta dubi mahaifiyarta. Zubaida a lokacin tana sosa kunne, domin ɗankunnen da ta sa yana damunta tun safe. Humaira ta sunkuya ta cike B.

"Me kika samu a lissafinki?"

"Arba'in da biyar."

"To me ya kai ki B?"

Yarinyar ta shiga murza gefen tabarma. Sai da Zubaida ta rufe littafin ta ce ba faɗa za ta yi ba, sannan bakinta ya buɗe. Ta ce Malam Salihu ne ya yi wa yaran lesin rajista gaba ɗaya a cibiya guda, kuma zai kasance cikin masu sa ido ranar jarrabawa. Ya koya musu cewa wanda tambaya ta yi wa wuya ya ɗora fensir a kan lambarta ya ɗago kai. Shi kuma zai zo wucewa ta layin. In ya taɓa hula, A ke nan. Kunne B, gemu C, aljihun gaba D. Kullum kafin a tashi lesin sai sun gwada, har sun ƙware. Ya ce taimako ne tsakaninsa da yaransa, ba zancen kaiwa gida ba ne.

"Amma ni ba Malam Salihu ba ce," in ji Zubaida a hankali. "Kuma kin san amsar."

"Ban yi niyyar kallo ba, Umma. Idona ne yake tafiya da kansa."

Zubaida ta sake buɗe littafin suka ci gaba, tana lura. A tambayoyi masu sauƙi, waɗanda Humaira ke amsawa tun tana aji huɗu tana wasa, fensir yakan tsaya, kai ya ɗago. Da ba ta ga alama ba sai ta koma ta karanta tambayar sau biyu, ta cike a tsorace kamar mai taka gadar kara. Wannan ya fi damun Zubaida fiye da labarin hula da gemu.

Da Bakari ya dawo daga ɗaurin auren wani abokin aikinsa, ta bari ya ci abinci ya sha ruwa, sannan ta gaya masa. Bai yi mamaki ba. Ta gane haka daga yadda ya ci gaba da goge hannu da tsumma bayan hannun ya bushe.

"Ashe ka sani, Baban Humaira."

"Na ji ƙishin-ƙishin a bakin iyaye. Ban tambaya ba."

"Don kada a gaya maka."

"Zubaida, ke kina ganin sauran cibiyoyin waliyyai ne ke sa ido? Aƙalla wannan yana koyarwa. Yarinyar nan ta san karatunta. Abin da zai yi mata bai wuce tambaya biyu ko uku ba, waɗanda suka raba yayanta da makarantar kirki." Ya ajiye tsumman. "Ni daga ruga na fito. Da ba a ɗauke ni makarantar kwana ba, da yanzu ina bayan shanun Bappa, ƙanen mahaifina, a dajin Ningi. Ke a cikin gari kika tashi, gidanku kowa da alƙalami. Ba ki san abin da gurbi ɗaya yake yi wa zuriya ba."

Ba ta da abin da za ta ƙaryata a cikin maganarsa. Ta san shi mutum ne da bai taɓa kawo abin da ba nasa ba gida, kuma shi ke tashin yara sallar Asuba. Sai kawai ta ce, "Yau ta bar amsar da ta sani ta bi kunnena."

Bakari ya yi 'yar dariya. "To ki daina sosa kunne."

Ranar Litinin da ta tashi daga aiki, ta tari keke mai ƙafa uku zuwa Yelwa. Lesin ɗin a wani gida ne na haya da aka fasa bangon ɗakuna biyu aka haɗe, a bayan shagunan masu buga takardun ɗaliban jami'a. Ta tarar yara suna karanta jadawalin sau da ƙarfi. Malam Salihu ya fito da alli a hannu, mutum mai fara'a, ɗan siriri, da hula zanna a karkace. Ya sa aka kawo mata benci ƙarƙashin bishiyar dalbejiya.

"Hajiya da kanki? Ai Humaira ba ta da matsala. Ita ce fitilar ajin nan. Da ina da goma irinta da na huta."

Ta gode, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta, ba tare da ɗaga murya ba. Fara'arsa ba ta gushe ba.

"Hajiya, yanzu mutum ba zai gyara hularsa ba sai an ce ya yi magana? Ni ban taɓa buɗe baki a ɗakin jarrabawa ba, ban taɓa miƙa wa yaro takarda ba."

"Amma ka koya musu abin da hular take nufi."

"Na koya musu lissafi da Turanci tun safe har la'asar, muryata ta dushe. Ki tambayi kowa. Sai dai akwai yaron da ya sani sarai, ya shiga ɗaki ya ga baƙin fuska, kansa ya ɗauke. Uwarsa mai tuyar ƙosai ce, ba ta da wanda za ta je ta gani a ofis. In bar shi ya nutse ina tsaye?" Ya shafa gemunsa. Zubaida ta ji wani sashe na zuciyarta ya ce C, ta yi saurin kawar da kai tana istigfari.

"Ana iya canza mata cibiya?"

"An rufe rajista tuni. Sunanta da hotonta suna wurinmu. Amma abin mai sauƙi ne, Hajiya. Ki ce mata kada ta dube ni. Ni ma ba zan tsaya a layinta ba, in hakan kike so."

"Za ka tsaya a layin da ke gabanta."

"To, ɗakin ba fili ba ne," ya ce, ya buɗe tafukansa.

A hanyar komawa Zubaida ta yi ta auna shawararsa, ta ga kamar akwai mafita a ciki. Yarinya ta shiga, ta sunkuyar da kai, ta yi nata, ta fito. Abin da wasu suka yi tsakaninsu da Ubangijinsu. Ta cire Humaira daga lesin, ta ce wa Bakari ita za ta ƙarasa shirya ta. Ya ɗaga kafaɗa, tunda cibiyar ba ta canza ba.

Makonnin da suka rage ta mai da su na yaye ido. Ta riƙa zama a bayan yarinyar maimakon gabanta, ta ɓoye hannayenta cikin hijabi. Humaira ta yi iyakar ƙoƙarinta, domin tana son makarantar da aka zaɓa mata so na gaske. Ta san launin kayan ɗalibanta, ta san sunayen ɗakunan kwanansu daga bakin ƙawarta Juliana, 'yar maƙwabtansu, wadda yayarta ke can. Sun ma yi alkawarin gado ɗaya za su nema, Juliana a sama ita a ƙasa. Amma fensir bai daina tsayawa a kan lamba ba. Kai yakan ɗago ya tarar da bango, ya daɗe a nan, sannan ya koma. Ta fara goge amsoshin da suke daidai tana sake cike su, har takarda ta riƙa hujewa. Abincinta ya ragu. Wata rana mai gyaran famfo ya shigo gidan yana sosa kunne, Zubaida ta ga leɓen 'yarta ya motsa.

Ana saura 'yan kwanaki, ranar wata Juma'a da ake hutu, da hantsi, Humaira ta ajiye fensir a tsakiyar aiki.

"Umma, in tambaye ki?"

"Ina ji."

"In na yi lissafi na samu B, kuma Malam ya zo wucewa ya taɓa kunne don wani yaro, na gani ba da gangan ba, in cike B ɗin?"

"Ai ke kika samu abinki."

"To in ban gama tabbatarwa ba fa? In ina tsakanin B da D, sai na gani? In na cike B na yi sata. In na cike D kuma na san ba daidai ba ne." Idanunta suka ciko. "Malamar Islamiyya ta ce Allah yana duba abin da ke cikin zuciya. Ni kuma ba zan san wanne ne nawa ba."

Zubaida ta ture littafin gefe. Ta yi karatu har digiri, ta yi saukar Alƙur'ani tun kafin aure, amma ba ta da amsar da za ta ba yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta shiga da ita wancan ɗaki. Duk abin da za ta ce, nauyin a kan yarinyar zai koma: ita kaɗai, da fensir, da mutum yana kai-kawo a gabanta yana gyara hula. Ta jawo ta jikinta, ta ji yadda ƙasusuwan kafaɗarta suka fito.

"In ba ki rubuta bana ba fa?"

Humaira ta janye jiki da sauri. "Juliana za ta tafi ta bar ni. Za a ce na ji tsoro ne. Umma, don Allah, zan rufe ido. Wallahi ba zan kalla ba."

"Da rufaffen ido za ki karanta tambaya?"

Yarinyar ta tashi ta shige ɗaki. Zubaida ta ji kukanta ta bayan labule, ba ta bi ta ba. Ta yi alwala ta yi nafila, ta daɗe zaune a kan sallaya. Ba ta ji wani sauƙi ya sauko mata ba. Ta lissafa abin da shekara guda za ta ci: maimaita aji shida tare da ƙannen ajinsu, surutun maƙwabta, fushin uba, da yiwuwar baɗi a wata cibiya a sake tarar da wani mai hular, ko kuma Humaira ta yi nata tsakani da Allah ta rasa gurbin da maki biyu kamar yayanta. Babu wanda ya yi mata alkawarin komai.

Bayan an sauko daga masallaci Bakari ya shigo da fara'a, ɗan dako na biye da shi ɗauke da sabon akwatin ƙarfe da bokiti. Ya ce ya biya ta kasuwar Wunti ya gan su, ya ga gara a saya tun kafin iyaye su yi musu rubdugu. Ya sallami ɗan dakon, ya ƙwanƙwasa murfin akwatin da yatsa.

"Ina amaryar makaranta? Ta zo ta ga kayanta."

"Tana ɗaki. Ka zauna, Baban Humaira."

Ya dubi fuskarta, fara'ar ta ragu. Bai zauna ba.

"In zancen nan ne, mun gama shi. Kin cire ta daga lesin, ban ce komai ba. Mutumin ya ce ba zai tsaya a kanta ba. Me kuma ya rage?"

"Ita ta rage. Na gwada, ban iya cire mata shi daga ido ba."

"To bayan jarrabawa kya cire. Kwana nawa ne? Ki bari ta samu gurbin tukuna, sai ki yi mata wa'azi har shekara shida." Muryarsa ta yi ƙasa. "Kada ki sa in sake tsayawa gaban allon sakamako ina neman sunan ɗana babu. Kin san yadda na dawo gida ran nan."

"Na sani. Ina nan."

"Kuma in baɗi ta faɗi?"

"Sai ta faɗi."

Ya tsaya yana kallonta, hannunsa a kan akwatin. Labulen ɗaki ya ɗan motsa. Ta san yarinyar tana tsaye a bayansa tana ji. Zubaida ta gyara zaman hijabinta, ta yi magana yadda duka biyun za su ji.

"Humaira ba za ta shiga ɗakin nan ba. Za ta sake aji shida, baɗi ni zan yi mata rajista a wata cibiya."