Kwantaccen Cikin Inna Sabuwa

"Ba zan kai ba," in ji Nafisa.

Mahaifiyarta, Hajiya Delu, ta tsaya riƙe da kwanon jiƙon saiwoyi. Maganin tayar da kwantaccen ciki ne, an aiko da shi daga Batagarawa don maƙwabciyarsu, Inna Sabuwa.

"Mi kika ce?"

"Hajiya, Inna ba juna biyu gare ta ba."

"To, sannu likita! Daga shiga makarantar ungozoma har kin fi matan Ƙofar Marusa sanin ciki."

Shekarar da soja suka miƙa mulki ce, ruwan damina na ta wanke hotunan 'yan takara daga bangon unguwa. Inna Sabuwa mai dambu haihuwarta tara. Jini ya ɗauke mata tun ba ta kai arba'in ba, tsofaffi suka ce ciki ne ya kwanta, zai tashi ranar da Allah ya so. Shekaru suka wuce. Da ta fara amai, ta ƙi nama, cikinta ya taso, sai mata suka yi ta shigowa barka. Mijinta, Malam Sada, har ya turke rago. Nafisa kaɗai ke kallon wuyan Inna da ya zama kamar kara. Matar nan ce ta goya ta, ita ce kuma ta roƙi mahaifinta ya bar ta ta yi karatu.

Nafisa ta shiga gidan Inna ba kwano. Ta kwantar da Inna a tabarma, ta dafa cikin, ta kara kunne, ta daɗe tana saurare.

"Inna, ba ɗa a nan. Ruwa ne."

Inna Sabuwa ta yi 'yar dariya. "Ɗiyata, ni da na haifi tara ban san motsin ɗa ba? Amma kowa na murna. Wa zan faɗa mawa?"

A asibiti likita ya yi ta tambaya: yaushe ta fara jini, yaushe ya ɗauke, haihuwa nawa, shayarwa fa?

"Wannan likita, aurena zai yi ne?" Inna ta raɗa wa Nafisa.

Bayan gwaji ya kira su. Ciwon daji ne a tumbi, ya bazu. Ya ce ya fi kama maza, amma ana zaton macen da jini ya ɗauke wa da wuri ta rasa wata kariya. Inna ta gyara mayafi, ta ce, "Alhamdu lillahi. Yanzu na san abin da zan shirya wa."

Ta kuwa shirya. Ta sa aka kira babbar ɗiyarta, Hadiza, wadda ta bar gidan cikin fushi tun shekarun baya, suka yafi juna. Ta koya wa autarta turara dambu. Ta ce wa Malam Sada ya yanka ragon nan yara su ci tana gani. Nafisa na zuwa kullum bayan makaranta, ta goge mata jiki, ta ɗiga mata kunu a baki, ko da mata sun juya baya in ta yi sallama.

"Da kin kawo mani kwanon nan," Inna ta ce wata rana, "da na tafi ana ta jiran suna. Allah shi yi maki albarka."

Ta cika ranar Talata bayan la'asar, kanta bisa cinyar Hadiza.

A zaman makoki aka ce bakin yarinyar nan ne, ita ta kore cikin, ita ta kai baiwar Allah asibiti aka taɓa ta. Hajiya Delu ba ta kare ɗiyarta ba. Daga ranar, babu mai ciki a unguwar da ta yarda Nafisa ta dafa ta, har ta gama makaranta ta nemi aiki nesa da gida.

Ranar sadakar uku ba a matsa mata a tabarma ba, sai ta zauna a dokin ƙofa, kanta a ɗage. Hadiza ta fito da faifan gumba, ta ratsa matan duka, ta durƙusa gabanta, ta fara miƙa mata.