Takardar Shaidar Tsuntsuwa

Shekara talatin da huɗu Hedimasta ya yi yana rubuta wa 'ya'yan mutane takardar shaida kafin ya yi ritaya, kuma a tsawon wannan lokaci bai taɓa sa hannu a kan wadda za ta kunyata yaro ba. Ƙa'ida ce da ya gada daga wanda ya gabace shi a kujerar: rago a rubuta masa "mai natsuwa", mafaɗaci a rubuta masa "mai kuzari". Saboda haka, ranar da 'yarsa ta kawo fom daga cibiyar koyar da yara masu jinkirin magana, ta ce gurbi ɗaya ne ya rage a bana, sai ya miƙa hannu ya ce ta bar masa wannan aiki.

'Yar tasa a kantin magani take aiki, mijinta kuwa aiki ya kai shi nesa. Hedimasta ne ke wuni da jikar, wadda mutanen gida ke kira Tsuntsuwa saboda yadda take kaɗa hannuwa idan abu ya faranta mata ko ya firgita ta. Shekararta shida, kalmominta uku: ruwa, a'a, da Kaka. An taɓa kai ta makarantar unguwa, a rana ta uku aka dawo da ita da jakarta.

Ya share teburinsa, ya ɗauko alƙalamin da aka ba shi ranar bankwana, ya cika fom ɗin da rubutun da malamai suka daɗe suna kwaikwayo. Ya liƙe ambulan, ya kai da ƙafarsa. Bayan mako biyu amsa ta zo: bisa bayanin iyali, yarinyar ba ta buƙatar kulawa ta musamman, a kai ta makarantar gama-gari. Wanda bai gamsu ba yana da damar sake miƙa fom kafin azahar ɗin Litinin.

'Yar ta je ta karɓo kwafin abin da ya rubuta, ranar Asabar da safe ta tsaya a ƙofar ɗakinsa da Tsuntsuwa a hannu.

"Baba, yau tare za mu je zaman iyaye."

A ɗakin jira na asibitin yara iyayen yara masu irin larurar Tsuntsuwa ke zamansu, ranar da ba a duba marasa lafiya. An jera kujerun roba a da'ira, an ture ma'aunin jarirai jikin bango. Hedimasta ya duba bai ga shugaba ba, bai ga magatakarda ba, bai ga littafin taro ba; ya zauna yana ganin a tarihin zaman da ya halarta babu wanda aka fara haka ya haifar da abin kirki. Tsuntsuwa ta zame ta nufi kusurwa, inda take jera murafen kwalba.

Sista, ma'aikaciyar jinyar da ta buɗe musu ɗakin, ta nemi izini ta karanta kwafin a fili.

"Shin tana magana? An amsa: 'Ba ta da surutu.' Shin tana cin abinci da kanta? 'Tana da zaɓi da tsabta.' Shin tana ji wa kanta ciwo? 'Yarinya ce mai kuzari, daga gidan tarbiyya.'"

Wani ƙaton mutum da ake kira Direba ya buga cinya. "Kai, Baba! Ai da wannan takarda sai su ɗauke ta aikin koyarwa a cibiyar!"

Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Maman 'Yan Biyu, wata mai ɗinki da zare maƙale a gefen gyalenta, ta ce, "Kada ka ji haushi, Baba, duk mun yi wannan wautar. Ni ma na taɓa rubuta cewa nawa suna barci lafiya, ni da rabona da barcin kirki tun ranar da na haife su. A nan muka koya: fom irin wannan da baƙar rana ake cika shi. Ka zaɓi ranar da ta fi kowace muni, ita za ka rubuta."

Hedimasta ya gyara zama. "'Yata, na ji, amma ku ji nawa. A shekarata ta shida a aiki, wani malami ya rubuta 'dolo' a fayil ɗin wani yaro. Kalma ɗaya. Ta bi shi makaranta uku, ta riga shi shiga kowane aji. Yau babban makaniki ne, har yanzu in ya gan ni sai ya sunkuyar da kai kamar yana da laifi. Tun ranar na yi alkawari. Ba zan zauna da hannuna in lissafa aibin jikata in miƙa wa baƙin da ba su san ta ba."

Kowa a ɗakin ya san ba ƙarya ya yi ba. 'Yarsa ce ta naɗe hannun rigarta ta miƙa damtsenta a gabansa. Sawun haƙoran Tsuntsuwa ne, tsofaffi da sababbi.

"Wannan wane suna za ka ba shi, Baba? Kuzari? Kai ma naɗe taka mu gani. Ko ka zaci ban san dalilin da ya sa ka daina sa mai gajeren hannu ba? Ka kare ta daga kalma, ka hana ta malamin da zai koya mata ta huɗu."

Bai naɗe ba. Ya ɗauki hularsa daga gwiwa da niyyar tashi, sai wani ya ja kujera, ƙafarta ta yi ƙara a kan siminti. Tsuntsuwa ta saki murafen, ta kaɗa hannuwa, ta juya ta fara buga goshinta a bango.

Kafin uwar ta miƙe, tsohon ya riga ya isa. Bai kama ta ba, bai yi mata magana ba. Ya durƙusa, ya zura tafinsa tsakanin goshin da bangon, ya bar ta tana buga shi, yana ƙirgawa ƙasa-ƙasa har numfashinta ya daidaita. Kowa ya ga bayan hannun nan: gaɓoɓin yatsun sun yi kanta sun yi baƙi.

Sista ta tambaya a hankali, "Sau nawa take yin haka a rana, Baba?"

"Huɗu," ya ce, bai ɗago ba. "Ranar da aka sauya mata kofi, tara."

"To, shi kaɗai muke so ka rubuta."

Ya daɗe a durƙushe, Tsuntsuwa tana wasa da maɓallin rigarsa. Daga bisani ya ce, "In na rubuta, za su ɗauke ta?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba. Gida bakwai ne ke neman gurbin nan."

"Har da nawa," in ji Direba, yana miƙo masa sabon fom daga aljihunsa. "Ina da biyu, ɗauki ɗaya. Rubuta dai, Baba. In taka ta shiga, ka riƙa gaya mana abin da ake koya musu."

Babu tebur a ɗakin. Hedimasta ya ɗora takardar a kan ma'aunin jarirai, ya zare alƙalamin bankwana. A layin magana ya rubuta kalmomin nan uku, bai ƙara ko ɗaya ba. Da ya zo layin ciwo, ya tsayar da alƙalamin a kan takardar har tawada ta ɗiga ta ɓata gefen shafin. A da, da ya yaga takardar ya sake sabuwa. Ya dubi ɗigon, ya dubi yarinyar da ke jingine da ƙafarsa, ya rubuta: "Sau tara. Ni ne nake tarewa."