Lahadin Kyaftin Aubrey

Ni dai har yau ban ga abin da maza ke gani a wasan kurket ba. Ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya tare da katako kada ta kayar da sandunan bayansa, sauran suna tsaye a ciyawa suna ɓata fararen wanduna. Amma Allah ya ba ɗana Enoch hannu. In ya jefa ƙwallo har kuka take yi a iska, maƙerin ƙauyenmu ma, duk girman jikinsa, ya daina tsayawa gabansa.

Mijina Silas shi ke kula da dawakan Lord Tarrowby, basaraken yankinmu, ni kuma ina yi musu wanki, gidan da muke ciki kuma na Lord ɗin ne. Ɗansa na biyu, Kyaftin Aubrey, dogo ne mai fato-faton kunnuwa, wanda ya buga wa lardinmu kurket har jaridun Landan suka san shi. Da aikin soja ya riƙe shi a bariki, sai ya zama ba ya zuwa gida sai daren Asabar, ya koma Litinin da sassafe. Ya ji labarin Enoch, ya aiko wai yana so ya riƙa jefa masa ƙwallo ran Lahadi bayan cin rana.

Na ce wa ɗan aiken ya gaishe shi da kyau, amma Lahadi ta Ubangiji ce.

Silas ya kusa shaƙewa da dankali. Ya ce tun kakansa ba a taɓa jin wanda ya ce a'a ga gidan Tarrowby ya kwana a ƙasarsu ba, in fara ɗaure tukwanena. Enoch kuwa ya sunkuyar da kai, ya san ni.

Lahadin da ta biyo sai ga Kyaftin da kansa. Ya shigo ya buga goshi a saman ƙofa, ya ba ƙofar haƙuri, sannan ya gaishe ni. Ya fara da cewa ai ba wasa ba ne, horo ne, kusan aiki. Na ce aiki ya ma fi muni. Ya ce fada, wato limamin babban coci, ya ce masa babu laifi. Na ce fadan a teburin babansa yake cin abinci, mu kuwa 'yan ƙaramar majami'a ne, ba ruwanmu da shi.

"Misis Hebditch," in ji shi, "ɗanki fa zai iya buga wa lardi. Ni zan kai shi."

"Ka kai shi ran Talata, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya har ya zauna ba a ce ya zauna ba. Naman Lahadi na kan wuta tun kafin mu tafi sujada, ƙamshi ya cika ɗaki, na ga yana ta leƙen tanda. Ba a korar mutum da yunwa, sai na zuba masa. Ya cinye, ya ƙara, ya jingina a kujerar Silas, kafin in kwashe kwanuka ya yi barci baki buɗe. Silas ya wuni a kan akwatin gawayi yana hararata.

Ana cikin makon aka ce Lord na nemana. Na sa hular zuwa majami'a, na yi addu'a, na ce wa Silas ya bar tukwanen tukuna. Tsohon na zaune ƙafa a kumbure bisa matashi. Ya tambaye ni ko na san gidan wa nake ciki. Na ce na sani, na kuma san ranar wa ce Lahadi. Fuskarsa ta yi ja, na ce a raina shi ke nan, sai gidan ƙanwata a Taunton.

Sai Kyaftin ya shigo da kayan hawa, ya ce ya riga ya gyara maganar. Ya yi musanya da wani hafsa, zai karɓi gadinsa na tsakiyar mako, don ya samu ya riƙa fitowa Asabar da hantsi. Enoch zai jefa masa ran Asabar.

"Amma da sharaɗi, Baba," in ji shi. "Tunda ta hana ni Lahadi, ita za ta ciyar da ni ran Lahadi."

Tsohon ya dube shi, ya dube ni, ya ce shi bai taɓa ganin soja ya miƙa wuya ga mai wanki da sauri haka ba, in tafi kafin ya sake shawara.

Haka muka yi bazara biyu. Asabar Enoch ya kayar masa da sanduna, Kyaftin ya tashi yana kiransa mugun yaro, Lahadi ya zo ya ci nama ya yi barci. Ya koyi sunkuyawa a ƙofa. Sau ɗaya ya bi mu sujada, ya yi waƙa da muryar da ta sa fasto tari, na roƙe shi kada ya sake. Ya cika alkawari kuma, ya kai Enoch gaban manyan lardi, suka ɗauke shi.

Yaƙi ya zo a shekarar alif ɗari tara da sha huɗu. Rundunarsa na cikin na farko da suka haye Faransa, kafin Kirsimeti labari ya iso cewa ya faɗi yana gaban mutanensa. Allah ya ji ƙansa, bai cika talatin ba.

Bayan 'yan makonni, muna dawowa daga sujada muka tarar da keken dokin Lord a ƙofarmu. Silas ya matse mini hannu, ya ɗauka maganar gida ce ta dawo. Tsohon ya sauko da sanda, ya ce yana so ya ga inda ɗansa ya saba ɓuya ran Lahadi. Na nuna masa kujerar, na zuba masa nama. Ya ce romon ya yi gishiri, ya miƙo kwano a ƙara. Silas ya ɗauki nasa ya nufi akwatin gawayi.