Motar Damagaram ta cika

"Ta cika, Malam Isufu, sai gobe," in ji Faruku direba, ya kau da kai yana ɗaure buhun wake a kan motar.

Cika ina? Daga inda nake tuyar ƙosai a bakin tashar Magariya ina hango kujerar gaba, ba kowa a kanta. Malam Isufu ma ya gani. Ya rungume jakarsa ya dawo bencina yana tarin nan mai tsinka zuciya.

Baƙonmu ne, a ɗakin zaurenmu yake kwana. Mutumin Bangi ne, can Afirka ta Tsakiya, direban kamiyo, wato babbar motar kaya. Duk inda ake harbi ya kai kaya: Libiya, arewacin Mali, bakin tafkin Cadi. Yana kan hanyar komawa Diffa ta Damagaram ciwon ƙirji ya kayar da shi a garinmu, maigidana Dalhatu ya kwaso shi daga tasha.

Da ya ɗan miƙe ya ce zai wuce, Dalhatu ya ce ina! Baƙo marar lafiya ya bar gidanka ya mutu a hanya, da wane ido za ka dubi mutane? Sai ya zagaya ya roƙi direbobi kada wanda ya ɗauke shi. Su kuwa 'yan tasha, in suka haɗa baki ko akuyarka ba ta shiga mota.

"Hinda," Malam Isufu ya ce mini da Hausarsa mai karkata, "garinku mota kullum cika?"

"Ci ƙosai, Malam. Wai me ka ajiye a Diffa? Mutane na gudowa, kai kana kutsawa."

Ya daɗe yana juya ƙosan a hannu.

"Matata da yara uku, a Bangi aka kashe su, ina kan hanya da kamiyo. Inda ake yaƙi kowa ya rasa wani, ba mai kallona. Nan kuwa yara na wasa, mata na daka. Ina jin muryar 'yarki Nasiba, sai in ga tawa. Ba na iya numfashi, Hinda."

Wallahi har man ya ƙone a kasko ban sani ba. Da na koma gida na tari Dalhatu tun bai zauna ba.

"Ka sake shi ya tafi! Wannan ba jinya ba ce, ɗauri ne."

"Ke dai da baki. Ko Gure ba zai kai da rai ba, balle Diffa. So kike a jefar da shi a bakin hanya, ba wanka ba salla?"

Gaskiyarsa ce, shi ya sa ta ƙara ba ni haushi. Na yi ta masifa har maƙwabta suka leƙo, bai canza ba.

Haka aka ci gaba. Kowace safiya ya ɗauki jaka ya tafi tasha, kowace safiya mota ta cika. Da ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, sai ya riƙa zama a ƙofar zaure yana ɗaga wa masu babur hannu. Su ma an gaya musu. Su gaishe shi da ladabi, su wuce.

Ranar wata Laraba da hantsi na kai masa kunu. Ya kama bakin zanena.

"Faruku ya ce gobe?"

"Ya ce gobe," na ce, hawaye na zubo mini.

"To. Ki gode wa Dalhatu. Mutumin kirki ne."

Kafin azahar ya cika, yana jingine da bango, fuskarsa na kallon hanya. Unguwa ta taru, direbobi suka kawo likkafani, Dalhatu ya ce shi zai yi masa wanka. Ina tsaye a bakin zaure da bokitin ruwa lokacin da ya durƙusa zai cire masa takalma, irin na sojoji masu igiya. Ya ja, ya sa farce, ya sa haƙori, ƙullin ya ƙi kwancewa. Ya zauna a ƙasa da ƙafar a cinyarsa, bai ɗago ya dube ni ba.

"Hinda," ya ce, "miƙo mini wuƙa."