Ɗumin Ƙullu

A gidan burodin nan kowa Mai Kwaɓi yake ce masa, har matarsa in ta so tsokana. Gidan na ƙaninsa ne, hannun kuwa nasa ne. Tun yana da baƙin gashi yake tsaye gaban teburin kwaɓi, yana danne ƙullu kamar ƙullun ya zagi mahaifinsa.

Ciwon da safe yake kama shi. Sai ya farka yatsu sun kumbura sun sandare, maɓallin riga ma sai matarsa ta saka masa. Amma da ya isa wurin aiki ya nutsa hannu cikin ƙullu mai ɗumi, ga tanda tana huci a bayansa, kafin hantsi sun saki.

"Malam, ka je asibiti mana," in ji matar.

"In je in ce me? Sanyi ne. Likitana yana kan tebur yana jirana."

Ba wanda ya kai ƙanin son wannan magana. "Yaya, kai aiki ne maganinka," yakan ce, yana dukan kafaɗarsa. "Ranar da ka zauna, ranar za ka kwanta."

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Idanu suka bushe kamar an watsa musu yashi, ya ce hayaƙi ne. Tari ya zo, ya ce garin fulawa ne. Gajiya ta zo, ya ce tsufa. Kowane ciwo sai da ya samo masa uba. Rannan ya sunkuya zai ɗaga buhu, ƙirji ya riƙe, ya zube a wurin.

A asibiti likitar ta daɗe tana juya hannayensa.

"Baba, ciwon nan ɗaya ne, ba huɗu ba. Jikinka ne yake yaƙi da kansa. Kumburin ya fara a gaɓoɓi, ya taɓa ido, ya taɓa huhu, yanzu ga shi a jijiyoyin zuciya."

"Amma kullum yana sakina, 'yata."

"Ɗumi lallashinsa yake yi, ba ya kashe shi. Magani zai rage wutar. Yatsun da suka karkace dai sun karkace. Da ka zo da wuri..."

Ba ta ƙarasa ba, shi ma bai nema ba. Mutumin da ya tsufa gaban tanda ya san toka maƙaryaciya ce, garwashi yana ƙarƙashinta. A jikinsa ne kawai ya yarda da ita.

Da aka sallame shi, gidan burodin ya nufa da sassafe, hannaye a dunƙule. A gurbin teburinsa ya tarar da inji, yana juya ƙullu yana gurnani.

"Yaya! Sannu da jiki! Ga kujera. Ka ga abin da na sayo don ka huta."

"Ba hutu na zo nema ba. Hannun ya ƙi buɗewa. Ɗebo min ƙullu in murza, ko kaɗan ne."

Ƙanin ya dubi yatsun, sun kwanta gefe guda, kowace gaɓa da ƙulli. Ya kau da kai.

"Haba Yaya, abin da mutane za su ci? In masu saye suka gani fa?"

"Da wane hannu suka ci shekara da shekaru?"

"Wannan da ne. Ai ni na sha gaya maka ka je asibiti, ka ƙi ji."

Ƙanin ya zaro burodi guda daga cikin na farkon fita, ya miƙa masa. "Kai wa uwargidanka ta sha shayi."

Yatsu ba su iya riƙewa ba, sai ya rungume shi tsakanin tafukansa ya fita. Kafin ya kai bakin titi, zafin burodin ya fara ratsa gaɓoɓin, suna saki ɗaya bayan ɗaya kamar yadda suka saba. Ya zauna a dakalin wani shago yana kallon motoci. Bai tashi ba sai da burodin ya huce.